Yaye

Daga Kwatano ta zo, ta sha hannu biyu kafin nawa.
Mutari ya ɗaga murfinta a garejinsa na Garin Malam,
ya daɗe yana kallo, tsinke a baki,
ya ce, "Zuciya biyu gare ta.
Babbar na shan isansi, ƙaramar na lasar lantarki,
amma ƙaramar nonon babbar take sha,
in babbar ba ta motsa ba, da yunwa za ta kwana."

Na ce, to, a yaye ta.

Ya yi dariya har tsinken ya faɗi.
"Matatar mai na bayan garinku,
kai kuma bango kake so ka tatsa?"

Kwana tara muka yi.
Ni mai riƙon cocila, shi mai aiki.
Batiran daga wata ƴar'uwarta suka fito,
wadda ta kife a hanyar Tanut bara;
ya jera su kan tabarma kamar ƙwan zabi,
yana auna su ɗai-ɗai da allurar agogonsa:
wannan na da rai, wannan ya yi bara-gurbi,
wannan ƙarya yake, da safe zai mutu.

Ya tuɓe zoben azurfarsa ya ba ni ajiya.
Hannu ɗaya yake aiki, ɗayan a bayansa,
ya ce jar waya ba ta san gafara ba,
in ta gaishe ka sau ɗaya, babu sai an jima.

Muka fid da tayar ko-ta-kwana daga raminta,
nan sabuwar tukunya ta zauna.
Ya huda mata ƙugu, kusa da fitilar baya,
ya dasa baki mai haƙori uku.
Jaka ɗari huɗu da sittin,
ban da shayi, ban da tsiren Kiyari.

Daren da muka gama na ja ta gida,
na zura igiya ta tagar ɗaki,
na yi bisimilla, na soka.
Ƴar koriyar fitila ta kifta sau biyu,
sai unguwa duka ta yi ɗif.

An ɗauke.

Mu ƴan Damagaram mun san jira.
Mun kwana gindin famfo da jarkoki
muna sauraron tarin bututu.
Ga shi na ƙaro wa kaina wani layi,
ni da mota, zaune cikin duhu,
kowa da ƙishirwarsa.

Cima ce ta leƙo, tana fifita da murfin kwano.
Faifan rana shida gare ta a kan soro,
na firjin da take daskarar da lamurje.
Ta ce, "Daga hantsi zuwa azahar rana tawa ce.
Abin da ya saura bayan ƙanƙara ta kama,
in kana so, na sayarwa ne."
Shekara goma sha tara da aure,
ban taɓa sayen rana a hannunta ba sai bana.
Ta buɗe mini shafi a littafin bashi.

Ran Lahadi na kama hanyar Mirya.
Babu ruri, babu rawar kujera.
Na wuce duwatsun nan masu zaman tsofaffin giwaye,
na ji tsakuwa na magana ƙarƙashin taya,
na ji wani yaro na kiran akuyarsa da suna,
ita kuwa akuyar ba ta ji ni ba
sai da na fito da kai na ce mata kauce.

Dab da lambunan gari babbar zuciya ta yi tari,
ta farka, ta karɓi aiki ba ko fushi.
Na shafa sitiyari.
Yaye ba ya ƙarewa rana ɗaya;
wanda aka cire daga nono
yakan waiwayi zanen uwa in dare ya yi.

Zoben Mutari har yau yana aljihuna.
Ya ce in riƙe, akwai wata mota gobe.